Waiwaye: Wayar Lantarki Marar Turjiya, Daga Leiden Zuwa Titunan Essen

A 1911, masanin nan ɗan ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba a birnin Leiden har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga wutar lantarki na ratsa ta babu turjiya ko kaɗan. Kowace wayar jan ƙarfe tana cin wani kaso na wutar da ta ɗauko, ta mai da shi zafi, don haka abin ya girgiza masana. Amma irin wannan sanyi sai da ruwan hiliyam, mai tsadar gaske. Shekara 75 maganar ba ta kai ga kamfanonin wuta ba.

A 1986 ne Georg Bednorz da Alex Müller, a cibiyar binciken IBM ta Zurich, suka gano wani tangaran mai wannan hali a sanyin da bai kai wancan ba. Shekara ta gaba aka ba su kyautar Nobel, a cikinta kuma ayarin Paul Chu da Wu Maw-Kuen a Amurka ya samo wanda ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifili, ya ishe shi. Naitirojin kuwa daga iska ake tatso shi, da arha.

Sauran aiki, wato mai da shi waya, ya fi wuya: tangaran karyewa yake, ba ya lanƙwasuwa. An fara da cusa shi cikin bututun azurfa, daga baya aka koma shafa shi siriri a kan faifan ƙarfe.

A ganina, Essen ta Jamus ce ta nuna inda amfanin yake. A 2014 aka fara aiki da irin wannan waya mai tsawon kilomita ɗaya da aka binne a tsakiyar birnin, mai bolt 10,000, ta maye gurbin ta 110,000. Birni mai cunkoso ya samu sararin rage manyan tashoshin taransifoma. Aka kuma haɗa ta da na'urar kariya: in wayoyi suka gamu wuta ta yi ambaliya, sinadarin da kansa yake komawa mai turjiya cikin ƙiftawar ido, ya dakushe ƙarfinta kafin ta ƙona kayan aiki, in ya huce ya ci gaba da aiki ba sai an sauya shi ba.

Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2019, Shanghai a 2021. Duk layukan gajeru ne, domin wayar na da tsada, injin sanyayawa kuma dole ya yi ta aiki dare da rana.