Mdou Moctar

Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, makaɗin jita ne kuma mawaƙi ɗan Jamhuriyar Nijar, Ba'abzine daga jihar Tawa, can wajajen Cintabaradan da Abalak. An haife shi a shekarun 1980. Da Tamashek yake waƙa, wato yaren da mu Hausawa muke ce wa Buzanci, kuma a yau in ana lissafa gwanayen kiɗan rok na duniya da wuya a tsallake sunansa. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗa jitarsa, kuma ba ya hawa dandali sai da rawani da amawali da doguwar riga irin ta gida.

Gidansu gidan addini ne, ba sa son harkar kiɗa, shi ya sa babu wanda ya saya masa jita. Da ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, tsohon hannu a kiɗan jitar Abzinawa, abin ya shige shi har ya kasa haƙuri, sai ya samu katako ya sassaƙa, ya ciro wayoyin birkin keke ya ɗaura a matsayin tsarkiya, to da wannan ya fara koyo a ɓoye. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar birki ya san yadda take cin yatsa, amma haka yaron nan ya daure. Daga baya ya tafi Libiya ci-rani kamar dubban samarin ƙasarsa, ya yi aikin ƙarfi, sannan ya dawo gida ya koma wa kiɗansa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. A lokacin waƙoƙin finafinan Hausa sun cika ko'ina, da kiɗan fiyano da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa, sai Mdou ya ɗauko wannan salon ya zuba waƙoƙin soyayya na Buzanci a ciki. Babu kamfanin da ya buga kundin a lokacin, waya ce ta yi aikin, wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, wani ya kai katin memori wajen masu turi a kasuwa a loda masa, direbobi da matafiya suka kwashe shi har Mali da sauran garuruwan Sahara, mutane na ta saurare wasu ma ba su san sunan mai waƙar ba. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da waƙarsa Tahoultine, ya sa ta a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, ya yi ta cigiya har ya gano shi, ya kuma kawo masa jita irin ta bahagwai.

A 2013 aka fitar da Afelan wanda aka ɗauka a Cintabaradan. A 2015 kuma ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas da yaren Tamashek, labarin saurayi makaɗi da mahaifinsa ya hana kiɗa, yana yawo a gari kan babur. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, don an gina fim ɗin ne a kan wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince mai suna Purple Rain, wato ruwan sama mai launin shunayya.

Turawa na yawan ce masa Jimi Hendrix na Sahara, suna kwatanta shi da shahararren makaɗin jitar nan na Amurka, kuma gaskiya wannan kirarin ya rage masa, don kiɗan nasa a wajen biki ya girma ba a Amurka ba. A Agadas makaɗin jita abincinsa na gidan biki ne, a shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareto, a kafa lasifika, a yi ta yi har dare ya raba, kuma in kiɗanka bai tada mutane rawa ba gobe ba mai kiranka. Daga nan ya samo saurin nan nasa da yadda yake maimaita zubi ɗaya yana ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan har ganga ta koma kamar sukuwar raƙumi. A ƙarƙashin duk ƙarar nan akwai takamba, wani salon kiɗa da rawa na gargajiya, da tafin mata da amon tende, gangar da Abzinawa ke yi da turmi. Ba ya amfani da ɗan robar da ake kaɗa jita da shi, yatsa yake sawa, kuma dabarar ƙwanƙwasa tsarkiya a wuyan jita da ya gani wajen makaɗin jitar Amurka Eddie Van Halen ma sai da ya juya ta ta zama tasa.

Ƙungiyar da ta kai shi duniya mutum huɗu ce: shi kansa, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, sai Mikey Coltun ɗan Amurka mai kaɗa bes wanda kuma shi ke haɗa musu sauti. A 2019 aka fitar da Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Detroit, sannan su huɗun suka yi Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador, kundin da ya sa jaridun kiɗa na Amurka da Ingila suka yi ta yabonsa.

Waƙoƙinsa ba soyayya kaɗai ba ne. Yana maganar haƙƙin mata, da addini, da yadda yaren Tamashek ke neman kuɓuce wa yara, kuma ba ya ɓoye fushinsa kan Faransa, ƙasar da ta shafe shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar da dama ko wutar lantarki ba su da ita. Kundin Funeral for Justice na 2024 kusan duk a kan wannan ya tsaya. Yana kuma sa kuɗin da yake samu wajen gina rijiyoyi a karkara, wanda duk ya san yankinsu na Azawak da rani ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Lokacin da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar na tsakiyar zagayen wasanni a Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ukun suka maƙale can ba hanyar komawa wajen iyalansu, sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice a sanyaye da jita marar lantarki, aka fitar da su a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice.