Dutsen ƙarfe na Zhan Wang: yadda ake ƙera shi da abin da yake nufi

Wane ne Zhan Wang, kuma me yake ƙerawa?

Ɗan ƙasar Sin ne, an haife shi a Beijin a 1962. Tun 1995 yake kwaikwayon duwatsun tunani da ƙarfen da ba ya tsatsa. Waɗannan duwatsu masu ramuka da tamoji, irin na tafkin Taihu da ke ƙasar Sin, malaman Sin na dā ke ajiyewa a lambu ko kan teburin karatu, su zuba musu ido har zuciya ta kwanta.

Ina falsafar take a nan?

A cikin siffar dutsen kansa. Dutsen Zhan ba komai a cikinsa, fanko ne, kuma masu bin tafarkin Tao, wata tsohuwar falsafar Sin, suna cewa amfanin tulu yana ga sararin cikinsa. Ga fuskarsa kamar madubi: ba ta da launin kanta, sai na gajimare da bishiya da mai kallo.

Yaya ake yin sa?

Ana ɗora fallen ƙarfe a jikin dutse na gaske, a bi shi da guduma har ya shiga kowane lungu. Gunduwa-gunduwa ake yi. Sai a ɗaye su, a haɗa da walda, a gurje ɗinkin, a yi ta gogewa daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarasa da ƙyalle da man goge.

Me ke ɓata aikin?

Zafi ne kan gaba. Wannan ƙarfe ba ya saurin watsa zafi, don haka doguwar walda a wuri ɗaya tana lanƙwasa falle, ta bar tabo ruwan ƙasa ko shuɗi. Maganinsa a ɗiga walda nan da can, a bari ya huce. Yawan duka kuma yana taurara ƙarfen har ya tsage a lungu mai zurfi.

Wanda ya fi ba da takaici shi ne buroshi ko giranda da aka taɓa gurzar baƙin ƙarfe da su. Ɓurɓushin yana maƙalewa, daga baya ɗigon tsatsa ya fito a kan madubin, ido kuma can zai fara sauka.

Wane ƙarfe ya dace da dutsen da za a ajiye a waje?

Ƙarfen da ba ya tsatsa iri-iri ne, kowane da lambarsa: mai lamba 304 ya isa a yawancin wurare. Kusa da teku sai 316, domin ya fi jure gishiri. A wanke da ruwa da sabulu, kada bilic ya taɓa shi.