Me ya sa iskar teku ba ta shiga lungunan Nima?

Ga teku kusa da unguwar Nima ta birnin Accra, amma zafi ya ishe mu a ɗaka. Ina iskar take zuwa?

Tana nan, ta sama take wucewa. Da rana ƙasa kan riga teku ɗaukar zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga kan ruwa ta nufo Accra. A kan ruwa babu abin da ke tare ta. Da ta hau tudu sai gogayya da duk abin da ya ɗago kai: ciyawa, katanga, shago, rufin kwano. Kowanne na rage mata gudu, yana murɗa ta. Na bakin ruwan Labadi ya sha ta cikakkiya. Kafin ta kai Nima ko Mamobi, wadda ke kusa da ƙasa ta galabaita.

Ana iya auna wannan kaushin na doron ƙasa da ke rage gudun iska?

Ƙwarai. Masana yanayi na amfani da "tsayin kaushi", wato tsayin da a lissafi gudun iska ke komawa sifili. A kan teku kusan mita 0.0002 ne, a buɗaɗɗen fili mai ciyawa 0.03, a cunkoson birni mita 1 ko fiye. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a kafa na'urar auna iska a tsayin mita 10, a sarari irin na filin jirgi. Ko a irin wannan fili, iskar da ke taɓa mutum a tsayin mita 2 kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda na'urar ta gani.

Me ya sa lungu ya fi layi zafi?

Nan ne abin ya fi damuna. Idan tsayin bango ya kusa kai faɗin lungu, iska ba ta sauka ciki. Takan zarce ta kan rufi, ta bar 'yar kaɗan tana zagaye a ƙasa. Hayaƙin gawayi, warin kwata da zafin da kwano ya sha tun safe duk sai su zauna tare da mutane. Duk ɗakin da aka ƙara a tsakar gida, duk kwantenar da ta toshe bakin lungu, numfashin maƙwabta aka rage. Na san matsin muhalli ne ke jawo haka, amma 'yar tazara a ɓangaren kudu maso yamma, inda iskar teku ke fitowa, da taga biyu masu fuskantar juna, sun fi fanka aiki ranar da aka ɗauke wuta.

To kaushin ba shi da amfani ke nan?

Yana da shi. Idan hadarin farkon damina ya taso, gidan da ke kaɗaice a bakin fili ya fi shan iska, kuma daga gefe da kusurwa take fara yaye kwano. Mai gini a bayan gari ya ƙara ƙusa a nan, ya kuma dasa layin dogonyaro. Itatuwa na barin iska ta ratsa a hankali, don haka kariyarsu kan kai kusan ninki 10 na tsayinsu, ta fi ta katanga nisa.