Waiwaye: Ɗan taragon nan mai ganga biyu da rikicin manoman inabi a kudancin Faransa

Duk wanda yake bin labaran Faransa zai tuna abun da ya faru a watan Oktoban 2023 a Le Boulou, kusa da bodar Sifen, inda manoman inabi suka tare manyan motoci suka buɗe tankoki giya tana ta kwarara a kan kwalta kamar an yi ruwan sama. Tun daga nan muhawara ba ta tsaya ba, wasu su ce laifin giyar Sifen ce mai arha, wasu su ce ai Faransawan ne suka rage sha, wasu kuma su ce fari ne da zafi. Har ta kai a 2024 aka yi tayin biyan manomi yuro 4,000 kan kowace hekta in ya yarda ya tumɓuke kurangar inabinsa. Da yawan masu magana suna yi kamar jiya jiya abun ya soma. Ni kuma duk sanda na ga irin wannan labarin ba tanka nake tunawa ba, wani ɗan ƙaramin tarago nake tunawa wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba.

Bari in yi bayani. Akwai masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa a gida, su shimfiɗa layin dogo a kan tebur da tasha da gada da komai, mafi yawa a ma'aunin da suke kira HO, wato an rage komai sau 87, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 kacal. Cikin taragun da suka fi so akwai wani mai ɗauke da manyan ganguna biyu na katako a kwance, an ɗaure su da ƙarfe, da ɗan tsani da ɗan akurkin mai jan birki a gefe ɗaya. Kamfanoni irin su Märklin da Jouef da REE duk sun ƙera shi. Faransawa suna kiran na gasken wagon-foudre, in ganga biyu ne su ce bi-foudre. Su ma masu wannan sha'awa suna da nasu musun, wane launi ne daidai, a wane zamani za a saka shi, ya halatta a jona shi da injin zamani ko sai mai tururi. Ni dai ba shan abun nake ba kuma ba talla nake masa ba, abun da ya ja ni shi ne tarihin manoman da ke bayansa, don wallahi wannan taragon shi ne shedar inda matsalar ta samo asali.

Abubuwan da kowa ya sani ba sai na daɗe a kai ba. Ƙwaron filoksera ya bayyana a kudancin Faransa wajen 1863, ya cinye saiwar inabi gona bayan gona, wani masanin tsirrai na Montpellier mai suna Jules-Émile Planchon ya gano shi a 1868, daga baya aka samu mafita ta hanyar yi wa inabin aure da saiwar Amurka, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Sai boren manoman inabi na 1907 lokacin da farashin giya ya faɗi warwas, Marcelin Albert daga ƙauyen Argeliers ya ja gaba, ranar 9 ga Yuni mutum sama da dubu 500 suka cika Montpellier, aka zubar da jini a Narbonne, sojojin runduna ta 17 suka ƙi bin umarni, aka yi dokar hana algus da ruwa da sukari a ƙarshen watan. Wannan duk ana koyarwa, ana tunawa, akwai allunan tarihi.

Abun da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda kayan suke tafiya.

Kafin dogo, yankin Languedoc, wato wannan ɓangaren na kudancin Faransa inda su Montpellier da Narbonne suke, ba gonar inabi zalla ba ce. Ana noma alkama, akwai zaitun, akwai tumaki, inabi ɗaya ne daga ciki. Kuma giyar da ake yi mai yawa ba ta iya yin doguwar tafiya, kafin ta isa Paris a keken doki ko ta kwale-kwale ta lalace ko kuɗin dako ya cinye ribar, shi ya sa ake dafa ta a tace ta koma barasa mai ƙarfi wadda ba ta da nauyin ɗauka, kasuwar Pézenas da ta Béziers nan ake yanke farashinta. Wato nisa da kansa shi ne birki, yana hana kowa zuba duk jarinsa a abu ɗaya. To sai dogo ya zo. Montpellier zuwa Sète tun 1839, sannan babban layin Bordeaux zuwa Sète a 1857 wanda ya ratsa Narbonne da Béziers, ga kuma hanyar da ta haɗe da Paris ta kwarin kogin Rhône. Nan take birkin ya tsinke. A arewa ga leburorin ma'adinan kwal da na masana'antu da talakawan Paris masu neman abun sha mai arha kullum, a kudu ga fili ga rana. Cikin kamar shekara 25 gonakin inabin Hérault, lardin da Montpellier take ciki, suka kusan ninkawa, aka sauko daga kan tudu zuwa fadama inda ƙasa ta fi ƙarfi, aka rungumi wani iri mai suna Aramon wanda yake zuba 'ya'ya kamar me amma ruwansa salam. Mu da muka san yadda isowar dogo Kano a 1911 zuwa 1912 ta juya noma gaba ɗaya ya koma gyaɗa, ba sai an yi mana dogon turanci ba.

Amma ko a nan ɗin ma akwai mataki na biyu, kuma shi ne nake ganin an fi mantawa. Da farko a ƙananan ganguna ake loda giyar, irin masu cin lita 600 ɗin nan, a mirgina su kan tarago a ɗaure. Ganga tana da nauyinta, tana da tsada, sai an biya maƙerinta, in an juye kuma sai an biya kuɗin dawo da ita wayam. Garin Sète ma da sana'ar haɗa ganga ya yi suna, dubban mutane suna ci daga nan. Kuma ganga ƙarama tana da wani amfani da ba a lissafawa, ana iya sanin daga wace gona ta fito, wane ne ya cika ta. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai dabara ta canza, maimakon a ɗora ganguna a sauke, sai aka kafe ƙatuwar ganga ɗaya ko biyu a jikin taragon dindindin, a zo da famfo da tiyo a ɗura, a je can a zuƙe. Tarago ɗaya yana ɗaukar wajen lita dubu 15, wani ya fi haka. Ka ga an rage ma'aikata, an rage katako, an rage lokaci, kuɗin dako kan kowace lita ya sauka ƙasa sosai.

To amma me ya biyo baya? Wane ƙaramin manomi ne zai cika lita dubu 15 shi kaɗai a tashi ɗaya? Dole sai an tattaro na wane da wane an zuba wuri ɗaya. Daga ranar giyar ta rasa suna, ta koma kaya kawai irin kananzir, ana sayenta da yawan lita da ƙarfin digiri, wato yawan barasar da ke cikinta, ba wanda yake tambayar daɗinta ko gonarta. Wanda ya yi aiki mai kyau da wanda ya yi na ganin dama kuɗinsu ɗaya in dai digirin ya yi daidai, to don me mutum zai wahalar da kansa? Sai kowa ya bi yawa. Ƙarfi kuma ya bar hannun mai gona ya koma wajen wanda yake da tarago da sito da abokin ciniki a Paris. Shi ya sa in ka duba tsofaffin hotuna za ka ga sunayen 'yan sari da masu ba da hayar tarago ne a jikin gangunan, da sunan tashar da taragon yake komawa, Béziers ko Sète ko Narbonne, ba za ka ga sunan manomi ba. Kuma ba wani mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙulla haka ba, tsarin ne da kansa yake saka wa yawa, kowa a wurinsa yana bin abun da zai fisshe shi.

Wannan taragon ne kuma ya sauƙaƙa sirki. Tunda ruwan Aramon ba ƙarfi ba launi, sai an haɗa shi da mai kauri, nan Aljeriya ta shigo, wadda take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa a lokacin. Bayan filoksera aka dasa inabi a can ba kama hannun yaro, zuwa shekarun 1930 ya kai kusan hekta dubu 400, ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne ta zama wadda ta fi kowa fitar da giya a duniya, an cinye filayen da da ake noma abinci. Jiragen ruwa su sauke a Sète da Marseille da Rouen, a ɗura a tarago, a gauraya ko a nan ko a manyan situnan Bercy da ke Paris. Wato manomin Languedoc ya dogara da kayan da kuma suke karya masa farashi, abun tausayi ne gaskiya. Har layin Béziers zuwa Neussargues da aka kammala a 1888, wanda ya bi ta gadar Garabit ta Gustave Eiffel, ɗaya daga cikin dalilan gina shi shi ne a samu gajeriyar hanyar kai wannan kaya Paris. A yaƙin duniya na ɗaya ma da waɗannan taragu aka riƙa kai wa sojoji rabonsu, daga kwatan lita a rana a 1914 zuwa rabin lita a 1916, samari da yawa daga yankunan da ba su saba da ita ba suka koma gida sun saba da shanta, kasuwa ta ƙara faɗi, aka ƙara samun dalilin dasa inabi.

Su kansu taragun aiki ne da su. Katako in ya bushe a rana sai ya tsuke ya fara yoyo, dole a riƙa kula kar a bar shi wayam ya daɗe, dole a wanke ciki kar ya yi tsami, ga masu huda ganga a tasha cikin dare su tsiyaya, shi ya sa aka yi wasu da aka rufe gangunan cikin akwatin katako, daga waje sai ka ɗauka taragon kaya ne kawai. Wanda ya taɓa ganin hoton na gaske zai ga duk sun yi duhu da hayaƙi da tabon abun da ya zuba, shi ya sa gwanayen masu haɗa ƙananan suke bin nasu da fenti suna dusashe shi, wasu kuma sun fi son su bar shi yana ƙyalli yadda ya fito daga kwali, kuma musun nasu kenan har gobe. Ni ina bayan masu dusashewa, don taragon wahala ne, kayan talakawa ya ɗauka.

Daga baya tankokin ƙarfe suka maye gurbin katako, zuwa shekarun 1960 na katakon sun kusa ƙarewa, sannan manyan motoci suka karɓe dakon. Aljeriya ta samu 'yanci a 1962, cinikin ya ja baya, sai ta Italiya ta shigo a shekarun 1970, rikici ya kai ga harbe-harbe a Montredon kusa da Narbonne ranar 4 ga Maris 1976, manomi ɗaya da jami'in tsaro ɗaya suka mutu. Yau kuma ta Sifen ce. Sunan ƙasar ne yake canzawa amma cinikin iri ɗaya ne, ruwa mara suna a babban mazubi, wanda ya fi arha shi ne da kasuwa. Abun da ya ƙaru kawai shi ne masu shan sun ragu, Bafaranshen da a shekarun 1960 yake shan sama da lita 100 a shekara yanzu bai kai rabin haka ba. Eh da yawan manoman Languedoc sun juya sun koma yin mai inganci da sunan gonarsu a kwalba, kuma sun yi nisa, amma har yanzu kaso mai tsoka na yankin a tanki ake sayar da shi, su ne kuma waɗanda ake gani a kan titi, su ne aka miƙa wa yuro 4,000 ɗin su tumɓuke abun da kakanninsu suka dasa saboda dogo.

Situnan Bercy an rufe su tuni, wani ɓangare ya koma lambun shaƙatawa wani ya koma shaguna da gidajen abinci, amma a Cour Saint-Émilion har yanzu ƙarafan dogon suna nan a cikin duwatsun daɓen, mutane suna takawa suna wucewa, ta nan ne taragun suke shigowa har ƙofar sito a zuƙe su a mayar da su kudu a sake cikowa.