Ƙagaggun Labaran Sojan Gona da Satar Bayanan Sirri

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labaran laifi da bincike, inda abin da ake sacewa ba kuɗi ko zinariya ba ne da farko, sunan mutum ne da shaidarsa: takardar haihuwa, fasfo, sa hannu, lambar asusun banki, har da tarihin abin da yake saya. Abin da ya bambanta shi da sauran labaran ɗan sandan ciki shi ne inda nauyin hujja yake faɗawa. A labarin kisa, hukuma ce ke neman wanda ya aikata. A nan kuwa wanda aka zalunta shi ake tsarewa ya kawo shaidar cewa shi ɗin shi ne, alhali takarda da kwamfuta suna ƙaryata shi.

Sojan gona ya daɗe a adabin Turai. A littafin The Woman in White na Wilkie Collins, wanda ya fito a 1860, an musanya wata mai gādo da wata mata mai kama da ita, aka binne ɗaya da sunan ɗayar, aka kulle mai rai a gidan masu taɓin hankali. Amma littafin da ya kafa salon na zamani shi ne The Talented Mr. Ripley na Patricia Highsmith, 1955. Tom Ripley ya kashe Dickie Greenleaf cikin kwalekwale a gaɓar San Remo ta Italiya, sannan ya ci gaba da rayuwa da sunansa. Kayan aikinsa kaɗan ne: fasfon mamacin, sa hannunsa da ya koyi kwaikwaya, da tafiretarsa da yake buga wasiƙu zuwa ga dangi. Haɗarinsa kuma ɗaya ne, kada ya haɗu da wanda ya san fuskar Dickie. Da wani aboki, Freddie Miles, ya biyo sawu har masaukinsa a Rum, sai kisa na biyu ya zama dole. Marubutan baya sun riƙe wannan sosai: ƙaryar farko ba ta tsayawa ita kaɗai, kullum tana neman wata ta tokare ta.

A 1971 Frederick Forsyth ya mayar da hankali kan ofis da fayil. A cikin The Day of the Jackal, makashin haya ya bi maƙabarta ya nemo sunan yaron da ya mutu yana ƙarami, wanda shekarar haihuwarsa ta yi kusa da tasa, ya karɓi kwafin takardar haihuwar, ya nemi fasfo da ita. Dabarar ta ci ne saboda a Ingila ta lokacin ba a gwama rajistar haihuwa da ta mutuwa kafin a ba da fasfo. Ba ƙirƙira ba ce kawai. A 1974 ɗan majalisar Birtaniya John Stonehouse ya bar tufafinsa a bakin teku a Miami don a ɗauka ya nutse, ya ɓulla a Ostareliya da fasfon wani mamaci.

Littafin da ya fi zurfafa cikin lamarin, a ganin masu sharhi da dama, na ƙasar Japan ne: Kasha na Miyabe Miyuki, 1992, wanda aka fassara zuwa Ingilishi da sunan All She Was Worth. Wani ɗan sanda mai suna Honma, yana hutun jinyar ƙafa, aka roƙe shi ya nemo wata budurwa da ta yi layar zana bayan saurayinta ya nema mata katin bashi na banki, binciken bankin ya nuna an taɓa ayyana ta a matsayin wadda ta kasa biyan bashi. Sannu a hankali ta bayyana cewa matar da ta gudu ba ita ce mai sunan ba. Wata ce da bashin mahaifinta ya hana ta sakat, masu karɓar bashi suna bin ta gari gari, sai ta nemi sunan da za ta shiga ciki. Ta samu bayanan ne daga takardun tambayoyi da abokan ciniki ke cikewa a wani kamfanin aika kaya ta gidan waya, ta tace su tana neman mace sa'arta wadda ba ta da dangi na kusa da za su yi cigiya. Abin takaicin shi ne, sunan da ta sata shi ma bashi ya yi masa katutu. Littafin bai bar mai karatu ya tsani ɗayarsu cikin sauƙi ba, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Da intanet ya yaɗu, sai fagen ya koma rumbun bayanai. Fim ɗin The Net na 1995 ya nuna wata ma'aikaciyar kwamfuta da aka goge bayananta aka liƙa mata sunan mai laifi. Tana aiki daga gida, mahaifiyarta kuma ciwon mantuwa ya kama ta, don haka babu mai tsaya mata shaida. A The Broken Window na Jeffery Deaver, 2008, makashin yana amfani da kamfanin tara bayanan masu sayayya. Ya san irin takalmi da man aski da mutum yake saya, sai ya ajiye irinsu a wurin kisa don laifin ya faɗa kan marar laifi. Shekaru tara bayan haka, a 2017, aka yi wa kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin jama'a, kutse a zahiri, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita.

Ginin irin wannan labari yakan bi matakai huɗu, ko da marubucin ya jirkita jerinsu. Akwai zaɓen wanda za a sace wa suna, galibi maraya, baƙo ko mai zaman kaɗaici. Akwai samun takarda ta farko, wadda da ita ake fitar da sauran. Akwai zama cikin sunan, wato koyon sa hannu da kauce wa tsofaffin abokai. Sai tsagewar bango, wadda kusan kullum ƙaramin abu ne ke jawo ta: tsohon hoto, bashin da ba a san da shi ba, wasiƙar da ta je tsohon adireshi.

Inda marubuta suka fi yin tuntuɓe shi ne nuna cewa danna maɓalli ɗaya zai shafe mutum daga duniya. Bayanan mutum a warwatse suke, a banki, asibiti, makaranta da ofishin haraji, kowanne da ajiyarsa, gyara ɗaya kuma yakan sa ya saɓa da sauran. Kuskure na biyu shi ne mantawa da ɗan Adam. Yawancin ɓarakar tana zuwa ne ta ma'aikacin cikin gida ko ta kiran waya na yaudara, ba ta gwanin kutse ba. Marubucin da zai kafa labarinsa a Najeriya, misali, dole ya san cewa tun 2014 lambar BVN ta ɗaure asusun banki da zanen yatsa, don haka ɗan damfara ya fi neman layin wayar da banki ke aika lambar sirri a kansa fiye da neman takardar haihuwa.