Gwajin kayan kuran a wurin aiki: tambayoyi da amsoshi

Wai wane irin kaya ake nufi?

Duk abin da ake jonawa a firiz ɗin bango kuma ana iya ɗauka a gusa da shi: butar dafa shayi, dutsen guga na tela, fanka, kwamfuta, cajar waya, injin huda ƙarfe na masu walda, da ralonj ɗin nan da ake jona abu biyar a kai.

To in yana aiki, mi ya kawo gwaji?

Aiki daban, lafiya daban. Kuran da NIGELEC ke bamu volt 220 ne, kuma abin da bai wuce miliampa 30 zuwa 50 ba, wato 'yar wuta kaɗan, in ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya, ga shi a Yamai watan Afrilu da Mayu jiki duk gumi, gumi kuwa sauƙaƙa wa wuta hanya yake yi.

Da mi ake farawa?

Da ido, wallahi nan ne mafi yawan matsala ke fitowa. Ka cire daga firiz tukuna, ka bi igiyar da yatsa har ƙarshe, musamman inda ta shiga cikin fish ɗin, wato kan da ake turawa cikin firiz, don nan take karyewa, ka ga ko roba ta tsage jan ƙarfe ya leƙo, ko an ɗaure da salatif ko leda, ko bakin ya yi baƙi yana warin ƙuna. Masu tura waya tsirara cikin firiz su tokare da tsinken ashana, don Allah ku bari, a kasuwar Katako fish sabo ba shi da tsada.

Gwaji da na'ura kuma fa?

Wannan aikin mai gyaran wuta ne da ya san hannunsa. Kayan da jikinsu ƙarfe ne kamar dutsen guga sai ya auna wayar ƙasa, mai kore da rawaya, ya tabbata ta haɗe da jikin ƙarfen, sannan ya tura volt 500 ya ga robar na riƙe wuta, aƙalla megohm 1 ake so na'urar ta nuna, shi ne ma'aunin ƙarfin rufin. Masu alamar murabba'i cikin murabba'i rufi biyu gare su, ba ruwansu da wayar ƙasa. Amma fa in firiz ɗin bangon kansa waya biyu kawai aka ja masa, gwajin kayan bai isa ba, a gyara bango a sa dijonkter mai yanke wuta in miliampa 30 ta zurare.

Duk shekara ne?

Ko a Ingila inda abin ya yi ƙarfi, dokarsu ta 1989 ba ta ce duk shekara ba, cewa ta yi kaya su kasance lafiya. Kwamfutar biro tana iya jimawa, amma injin da ake ja a ƙasa cikin ƙura a dube shi kullum kafin a kunna.

In abu ya faɗi gwaji?

A cire shi nan take, a manna takarda "kar a taɓa", a gaya wa mai gida. Kar a ajiye shi bayan ƙofa, wani yaro zai ɗauko ya jona gobe.