Dacewar Na'urorin Bidiyo Wajen Juye Kaset Zuwa Faifai

Juye kaset zuwa faifai shi ne kwashe hoto da sautin da ke cikin kaset ɗin bidiyo a mayar da su kan faifan DVD ko VCD. Aikin na buƙatar bidiyon da zai kunna kaset, da rikodar da za ta karɓi abin da ya fito ta naɗa shi a faifai. Akan samu biyun haɗe a akwati guda, wani lokaci kuma kwamfuta ce ke tsayawa a madadin rikoda. Akasarin cikas daga ɓangaren kaset yake tasowa, domin kowane kaset yana ɗauke da halin na'urar da ta naɗe shi da tsarin talabijin na ƙasar da aka naɗe shi.

Ire-iren kaset

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Betamax a 1975, JVC kuma ya biyo baya da VHS a 1976. Zaren su biyun faɗinsa ɗaya ne, rabin inci, amma girman kaset ɗin da yadda ake shimfiɗa hoto a kan zare sun sha bamban, don haka ɗaya ba ya shiga na'urar ɗaya. A Turai, Philips da Grundig sun kawo Video 2000 a wajajen 1979, wanda ake juya shi baya da gaba kamar kaset ɗin rediyo, sai dai bai yi nisan kwana ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980 VHS ya cinye kasuwa, har Sony ma ya fara ƙera bidiyon VHS a 1988. Ana saɓani kan dalilin nasarar: wasu na cewa tsawon lokacin ɗauka ne, wasu kuma yawan kamfanonin da JVC ya bai wa lasisi.

Kyamarorin hannu, irin na masu ɗaukar biki da suna, sun ƙara dagula lissafi. VHS-C na 1982 ƙaramin VHS ne kawai. Ana zura shi cikin wani gida mai siffar babban kaset, sai bidiyo ya karɓa. Video8 na 1985 da Hi8 na 1989 kuwa zarensu milimita 8 ne, babu wani gida da zai sa bidiyon VHS ya karanta su, duk da yawan masu nemansa a kasuwa. Sai dai a samo kyamarar da ta dace. Wasu kyamarorin Digital8, tsarin dijital mai amfani da irin wannan zaren, suna kunna su, wasu ba sa yi. S-VHS na 1987, wato VHS mai ingantaccen hoto, yana shiga bidiyon VHS sumul, amma hoton kan fito a yamutse in na'urar ba ta san tsarin ba.

Tsarin launi

Nan ne aka fi shan wahala. Amurka da Japan sun yi amfani da NTSC, mai layi 525 a kowane hoto da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Ingila da Jamus da Najeriya da Gana sun bi PAL, mai layi 625 da hoto 25. Faransa ta ƙirƙiro SECAM, wanda yawan layinsa da hotonsa daidai yake da na PAL amma hanyar ɗaukar launi daban ce, kuma ƙasashe irin su Nijar da Chadi suka gaje shi. Shi ya sa shirin da aka naɗa daga talabijin a Yamai ko Damagaram zai iya fitowa baƙi da fari a bidiyon Kano, alhali kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Kaset ɗin Amurka a bidiyon PAL zalla ya fi haka muni: hoto ya yi ta birgima, murya ta jirkice, domin gudun zaren ma ba ɗaya ba ne. NTSC na jan santimita 3.3 a daƙiƙa, PAL kuwa kusan 2.3.

Bidiyo da yawa da aka sayar a ƙasashen PAL suna ɗauke da rubutun cewa suna kunna NTSC. Gaskiya ne a talabijin, amma abin da suke fitarwa ruwa biyu ne, wato layi da gudun NTSC da launi irin na PAL, wanda ake kira PAL-60. Talabijin na haƙuri da shi. Rikodar DVD da dama ba sa yi: ko su naɗa babu launi, ko su ƙi naɗawa sam. Maganin shi ne bidiyon da ke fitar da NTSC tsantsa tare da rikodar da ke karɓarsa, ko na'urar sauya tsari a tsakani. Wanda ya sayi na hannu daga Amurka kuma sai ya tuna wutarsu bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. In aka jona babu taransifoma, ƙonewa za ta yi.

Gudu da saitin layi

VHS na da gudu uku: SP na asali, LP mai jinkiri, da EP wanda ya fi jinkiri. Masu son tattalin kaset kan zaɓi na jinkiri, sai E-180 mai awa 3 ya ɗauki awa 6 a LP. Bidiyon da SP kaɗai ya sani ba zai karanta wannan daidai ba. Layukan hoto a gicciye suke a kan zare, kuma a gudun jinkiri sun fi matsuwa, don haka ɗan karkacewar na'urar da ta naɗa kan bayyana a matsayin farin ratsi a ƙasan allo. Masu gyara kan ce kaset ya fi jin maganar bidiyon da ya haife shi. In babu shi, sai a lallaɓa maɓallin saitin layi da hannu. Sautin Hi-Fi, wato ingantaccen sautin da wasu kaset ke ɗauke da shi, shi ma bidiyo mai Hi-Fi ne kaɗai ke jinsa.

Kariyar kwafi da rawar sigina

Tun a tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin fim suka fara sanya kariyar Macrovision mai hana kwafi a kaset ɗin sayarwa. Rikodar DVD in ta gano ta, sai ta tsaya. Abin takaicin shi ne tsohon kaset na gida, wanda zarensa ya saki ko ya sha ƙura da fumfuna, yakan fitar da sigina mai rawa har rikoda ta zaci kariya ce, ta ƙi kwafe bikin auren mai ita. Na'urar daidaita lokaci, TBC, ita ke gyara wannan rawar. Ana samunta a cikin manyan bidiyon S-VHS na JVC da Panasonic.

Faifai

DVD ya fito a Japan a 1996, rikodar gida ta farko kuma daga Pioneer a ƙarshen 1999. Nan ma kamfanoni suka rabu: DVD-R da DVD-RW a gefe guda, DVD+R da DVD+RW na su Philips da Sony a ɗaya gefen, ga DVD-RAM na Panasonic wanda 'yan na'urori kaɗan ke kunnawa. Faifai mai gigabait 4.7 na ɗaukar awa 2 da hoto mai kyau. In aka matsa masa awa 6, hoton kan farfashe. Dole a rufe faifan DVD-R, wato a ba da umarnin kammala shi, a rikodar da ta naɗa shi kafin wata na'ura ta karanta shi, kuma mantuwa da wannan mataki kan sa a zaci faifai ya lalace.

A arewacin Najeriya, inda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta yi suna wajen dillancin kaset, VCD ne ya fara maye gurbin VHS a cikin shekarun 2000, saboda arahar na'urarsa. Faifan ba ya wuce minti 80, shi ya sa kaset guda kan rabu gida biyu ko uku.

Halin da ake ciki

JVC ya daina ƙera bidiyon VHS zalla a 2008. Funai, wanda ake ɗauka shi ne kamfani na ƙarshe, ya rufe nasa layin a Yulin 2016. Yanzu aikin ya dogara ga na'urorin hannu da kayan gyaran da ake cirewa daga waɗanda suka mutu, kuma masu juyewa da yawa sun koma adanawa a kwamfuta ko filash maimakon faifai.